Kifi na ƙaura, masunci na gaɓa: yadda ɗumamar teku ke sauya sana'ar su

A watan Oktoban 2022 hukumomin jihar Alaska ta Amurka suka yi abin da ba su taɓa yi ba. Suka soke kakar kamun wata ƙaguwa mai tsada da ke rayuwa a ruwan Tekun Bering mai tsananin sanyi, bayan ƙidaya ta nuna cewa tsakanin 2018 da 2021 kimanin biliyan 10 daga cikinta sun ɓace. An yi ta hasashe: ko cuta ce, ko sun tsallaka ruwan Rasha, ko kama su aka yi fiye da kima. Sai a 2023 masu bincike na hukumar NOAA, mai kula da teku da yanayi a Amurka, suka fitar da sakamako cewa yunwa ce ta kashe mafi yawansu. A 2018 da 2019 ruwan ya yi ɗumin da ba a saba gani ba. Ɗumin bai kai na kisa ba, amma ya sa jikin ƙaguwar ya riƙa ƙona abinci da sauri, ga shi kuma a lokacin sun yi yawa ƙwarai, abincin da ke ƙasan teku ya kasa ɗaukarsu.

Wannan ya faru ne a wurin da ake da jiragen bincike, ake ƙidaya duk shekara, ake bin doka sau da ƙafa. To ina ga gaɓar da masunci ke fita da kwale-kwalen katako da ƙaramin inji, ba mai ƙidaya masa komai?

Asalin maganar yana jikin kifi ne. Galibi kifi ba ya riƙe zafin jikinsa kamar mutum ko akuya, zafin ruwan da yake ciki shi ne zafin jikinsa. Ruwa na ɗumama, buƙatarsa ta abinci da iskar oksijin na ƙaruwa. Sai dai ruwan ɗumi ba ya riƙe oksijin kamar ruwan sanyi, wato lokacin da kifi ya fi buƙatar iska shi ne lokacin da ta fi ƙaranci. Teku kuwa shi ya haɗiye fiye da kashi 90 cikin 100 na rarar zafin da hayaƙin masana'antu da motoci da ƙona dazuka ya tara wa duniya, kamar yadda kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya bayyana a rahotonsa na 2019. Saman teku ya ƙara ɗumi da kusan digiri 0.9 a ma'aunin Salshiyos idan aka kwatanta da ƙarshen ƙarni na 19, kuma teku ya yi asarar kimanin kashi 2 cikin 100 na oksijin ɗinsa tun daga 1960. Wanda ke zaune a tudu zai ce digiri ɗaya ai ba komai ba ne, tsakanin hantsi da azahar ma ana samun fiye da haka. Ga halittar da ƙwanta ba ya ƙyanƙyashewa sai a wani ɗan taƙaitaccen zafi, digiri ɗaya na iya zama bambancin haihuwa da rashinta. Kuma wannan matsakaicin lissafi ne. Abin da ya kashe ƙaguwar Alaska zazzafan ɗumi ne na 'yan watanni, irin wanda yawan aukuwarsa a teku ya ninka tun daga shekarun 1980.

Akwai kuma batun abinci, wanda ya fi wuyar gani. Kusan duk abin da ke rayuwa a teku ya dogara ne da wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, masu yawo a saman ruwa inda hasken rana ke kaiwa. Takinsu kuwa yana can ƙasa, cikin ruwan sanyi mai zurfi. Sai iska ta ture ruwan sama daga gaɓa, na ƙasa ya ɓuɓɓugo da takin, sannan tsirran su yi yabanya, ƙananan kifaye su ci, manya su ci ƙanana. Wuraren da wannan ɓuɓɓugowa ta fi ƙarfi guda huɗu ne: gaɓar Peru da Chile, gaɓar Kalifoniya, gaɓar Namibiya da Afirka ta Kudu, sai gaɓar da ta taso daga Maroko zuwa Senegal. Faɗinsu duka bai kai kashi 1 cikin 100 na teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na kifin da ake kamawa a teku daga nan yake fitowa. Ruwan ɗumi ya fi na sanyi rashin nauyi, don haka idan saman teku ya yi ɗumi sai ya kwanta a kan na ƙasa ya hana shi tasowa.

Mutanen Peru sun daɗe da sanin abin da hakan ke nufi, domin duk 'yan shekaru yanayin El Nino kan kawo musu ruwan ɗumi. A 1970 sun kama ɗan ƙaramin kifin nan ancobeta fiye da tan miliyan 12, abin da babu wani nau'in kifi guda da ya taɓa kaiwa. A 1972 El Nino ya zo ya tarar da kifin an riga an rage masa ƙarfi da yawan kamu, sana'ar ta durƙushe, ta ɗauki shekaru masu yawa kafin ta miƙe. A 2023 ma gwamnatin Peru ta soke kakar farko ta kamun ancobeta a arewaci da tsakiyar gaɓarta saboda El Nino. Shi El Nino ba ɗan yau ba ne, ya girmi masana'antu. Abin da ya canza shi ne yanzu yana hawa ne a kan tekun da dama ya riga ya yi ɗumi.

Kifin da ruwa ya yi wa zafi ba ya zama ya jira mutuwa. Ko dai ya nutsa ƙasa, ko ya nufi inda ya fi sanyi, arewa ga na arewacin duniya, kudu ga na kudanci. Wani babban nazari na 2013 ya gano cewa halittun teku na faɗaɗa mazauninsu zuwa ɓangaren sanyi da matsakaicin kilomita 72 a duk shekara 10, saurin da ya ninka na dabbobi da tsirran tudu sau da yawa. A nan ne rabon ya karkace. Ƙasashen da ke can arewa, kifin da ya gudo daga kudu yana shigo musu. Na tsakiyar duniya kuwa nasu na fita, kuma babu wani wuri mafi zafi da wani kifin zai gudo daga can ya maye gurbi. Wani hasashe da masanin nan William Cheung da abokan aikinsa suka wallafa a 2010 ya nuna cewa zuwa 2055 abin da za a iya kamawa a yankunan sanyi na iya ƙaruwa da kashi 30 zuwa 70, na yankunan zafi kuma ya ragu da abin da ya kai kashi 40. Waɗanda suka fi kowa ƙona gawayi da man fetur su ne kifi ke tafiya wurinsu.

Ko a can ɗin ma ba a raba shi cikin lumana ba. Kafin tsakiyar shekarun 2000 kifin makarel ba ya shiga ruwan Aislan da yawa. Da ya fara shiga a lokacin bazara, Aislan ta ce baƙon da ke cin abinci a ruwanta tana da haƙƙi a kansa, a 2010 ta yanka wa kanta tan 130,000 ba tare da neman yardar kowa ba. Tsibiran Faro su ma suka ƙara nasu kason. Tarayyar Turai da Nowe, waɗanda suka saba raba kifin a tsakaninsu, suka ce ba su san zancen ba. A watan Agustan shekarar masuntan garin Peterhead na Sikotilan suka tare tashar jirgi suka hana wani jirgin Faro sauke kayansa. Tun daga lokacin, idan aka haɗa abin da kowace ƙasa ta yanka wa kanta, jimillar takan zarce abin da masana suka ba da shawara, shekara bayan shekara. Dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa ikon mil 200 daga gaɓarta, kuma yawancin yarjejeniyoyin raba kifi an gina su ne a kan inda kifin yake a lokacin da aka sa hannu. Ba a yi tanadin ranar da zai tashi ba.

Waɗannan masu kuɗi ne, a teburin taro suke yin rigimarsu. A duba yadda irin wannan ƙaura take a gaɓar Senegal.

Akwai wani ɗan kifi mai maiƙo, sardinela, wanda Wolof ke kira yaboy. Shi ne kifin talaka daga Muritaniya har Gini, ana busar da shi ko a yi bandarsa a kai shi can cikin ƙasashen da ba su da teku. Binciken da aka yi da na'urorin auna garken kifi ya nuna cewa daga 1995 zuwa 2015 wani nau'insa ya matsa arewa da kusan kilomita 200, daga ruwan Senegal zuwa na Muritaniya da Maroko. A taswira wannan ɗan taƙi ne. Ga masuntan unguwar Guet Ndar da ke birnin San Luwi, daf da iyaka, yana nufin kifin da kakanninsu suka kama a ƙofar gida yanzu yana ƙasar wasu, sai da lasisi, kuma lasisin na kwale-kwale 'yan ɗaruruwa ne kawai, idan ma gwamnatocin biyu sun daidaita a shekarar. Wanda bai samu ba ya kan shiga a sace. A watan Janairun 2018 masu gadin gaɓar Muritaniya suka harbe wani matashin masunci ɗan San Luwi, gari ya yamutse da zanga-zanga.

Lissafin fita guda ya isa ya nuna inda ciwon yake. Kafin kwale-kwale ya taɓa ruwa an sayi mai, an sayi ƙanƙara, an sayi guzuri, sau da yawa da bashin dillalin da zai karɓi kifin idan an dawo, a farashin da shi zai faɗa. In an dawo sai a fara cire kuɗin mai da ƙanƙara da guzuri, abin da ya saura a kasa shi: kason jirgi, kason inji, kason taru, sannan kason ma'aikata. Ma'aikacin ba shi da albashi, kasonsa ne abincinsa. Idan kifi ya yi nisa, tafiyar wuni ta zama ta kwana uku, mai ya ninka, ƙanƙara ta narke kafin a juyo, kifi ya fara lalacewa a cikin jirgi. Za a iya dawowa da kifi daidai na da, amma bayan cire kuɗin mai babu abin kasawa. Kuma ƙaramin jirgin da aka sassaƙa don kusa da gaɓa yanzu yana can inda igiyar ruwa ta fi ƙarfinsa. Babban jirgin kamfani, mai injin daskarewa da na'urar gano garken kifi, shi juya akala kawai zai yi ya bi kifin duk inda ya je.

Sai matan da ke bakin gaɓa, waɗanda ba kasafai lissafin gwamnati ke ganinsu ba. Su ke saye, su feɗe, su sa gishiri, su shanya ko su yi banda, su kai kasuwa. Ba sa shiga teku, don haka ko wannan 'yar damar ta bin kifi ba su da ita, abin da aka sauke a gabansu shi ne jarinsu. Wani babban nazari da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar a 2023 tare da Jami'ar Duke da cibiyar WorldFish ya ce ƙananan masunta ne ke kama kusan kashi 40 cikin 100 na kifin da ake kamawa a duniya, mutum kusan miliyan 500 ne rayuwarsu ta rataya a kan wannan sana'a ko da ɓangare ne, kuma mata kimanin miliyan 45 na cikinta.

A nan ya kamata a yi hattara, domin kalmar sauyin yanayi ta zama bargon da jami'ai da kamfanoni ke lulluɓa da shi. Duk inda kifi ya ƙare sai a ɗaga hannu sama a ce ɗumamar duniya ce, laifin da ba shi da mai shi. Alƙaluma ba su goyi bayan haka ba. Wani nazari da aka wallafa a mujallar Science a 2019 ya ƙiyasta cewa daga 1930 zuwa 2010 ɗumamar teku ta rage abin da za a iya kamawa ba tare da cutar da iri ba da kimanin kashi 4 cikin 100 a duniya baki ɗaya, ko da yake a wasu wurare kamar tekunan gabashin Asiya da Tekun Arewa na Turai ragin ya kai kashi 15 zuwa 35. A gefe guda, FAO ta ce a 1974 kashi 10 cikin 100 ne na garkunan kifin teku ake kamawa fiye da ƙarfin haihuwarsu, zuwa 2021 sun haura kashi 37. Har yanzu taru ya fi ɗumamar ruwa ɓarna.

Shi kansa yaboy ɗin, ba arewa kawai ya tafi ba. Masana'antun niƙa kifi sun cika Nuwadibu a Muritaniya, akwai su a Senegal, akwai su a Gunjur da Sanyang da Kartong na Gambiya. Suna sayen kifin da mutum zai ci su mayar da shi gari da mai, a kai Turai da Asiya a ciyar da kifin kiwo da aladu da kaji. Sai an niƙa kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi kafin a sami kilo 1 na gari. Wani rahoto na ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets a 2021 ya ce fiye da tan rabin miliyan ake kwashewa haka duk shekara daga yankin. Matar da ke banda ba za ta iya gasar farashi da masana'anta ba. Wannan ba aikin ɗumamar teku ba ne, takardar izini wani ya sa wa hannu.

Amma kuskure ne a ce tunda haka ne sai a ajiye batun yanayi gefe. Abubuwan biyu suna ƙarfafa juna ne. Garken da ke da manyan iyaye masu yawan ƙwai yana iya jure muguwar shekara ɗaya ko biyu ya farfaɗo. Wanda aka tsince manyansa, muguwar shekara ɗaya ta ishe shi. Mashigin tekun Maine da ke arewa maso gabashin Amurka ya nuna wani ɓangaren na daban. Tsakanin 2004 da 2013 ruwansa ya yi ɗumi da saurin da ya fi na kashi 99 cikin 100 na tekunan duniya. Hukuma na yanka wa masunta adadin kifin kod da za su kama, masunta na tsayawa a kan adadin, amma kifin sai raguwa yake. Daga baya aka gane cewa lissafin da ake yanka adadin da shi bai sa zafin ruwa a ciki ba, yana ɗauka cewa 'ya'yan kifin na rayuwa kamar da. An bi doka, dokar ce ta tsufa. Irin wannan tsufan ya shafi ilimin gargajiya ma. Dattijon da ya san cewa idan iska kaza ta kaɗa a wata kaza kifi kaza zai zo, iliminsa gaskiya ne, amma na tekun da ya fara canzawa ne.

Duk wannan a kan kifi ne. Shi kuma masunci, gidansa na kan yashin da teku ke ci. Tsayin teku ya ƙaru da kimanin santimita 20 daga 1901 zuwa 2018, kuma saurin na ƙaruwa: daga milimita 1.3 a shekara tsakanin 1901 da 1971 zuwa milimita 3.7 tsakanin 2006 da 2018. A shimfiɗaɗɗiyar gaɓa santimita kaɗan a tsaye na nufin mita da yawa a kwance, musamman ranar da iska da tudun ruwa suka haɗu. Guet Ndar na kan wani siririn zirin yashi ne tsakanin Kogin Senegal da Tekun Atilantika. A watan Oktoban 2003, don a ceci San Luwi daga ambaliyar kogi, hukumomi suka yanka zirin da wata 'yar hanyar ruwa mai faɗin mita 4. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Teku ya kama bakin hanyar ya yi ta ci har ta kai faɗin kilomitoci, ƙauyen Doun Baba Dieye ya nutse, ruwan gishiri ya shiga gonaki, masunta da yawa suka halaka wajen ratsa ta. Hannun mutum ne ya fara ɓarnar, hauhawar teku ta ɗora. A 2017 da 2018 igiyar ruwa ta rushe gidajen da ke layin gaba, aka kwashe iyalai, daga bisani aka tsugunar da su da tallafin Bankin Duniya a Diougop, kimanin kilomita 10 daga teku. Sun tsira daga ruwa. Sai dai masunci kan duba teku ne da asuba kafin ya yanke shawarar fita, matarsa kuma sai tana wurin lokacin da aka sauke kaya. Yanzu duka biyun sai an biya kuɗin mota.

An ga irin haka a Filifins bayan mahaukaciyar guguwar Haiyan ta Nuwamban 2013, wadda ta kashe fiye da mutum 6,000 ta kuma lalata kwale-kwalen su kimanin 30,000. Gwamnati ta hana gini a cikin mita 40 daga bakin ruwa, abin da ke da ma'ana a takarda, amma mutane da yawa suka koma inda aka hana, domin sababbin gidajen sun yi nisa da abincinsu. Bangaladash kuwa ta nuna cewa ana iya rage mutuwa ƙwarai: guguwar 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000, ta 1991 kusan 138,000, Sidr ta 2007 sama da 3,000. Gargaɗi da wuri da gine-ginen fakewa ne suka yi wannan aiki. Amma duk gargaɗi na nufin a juyo da jirgi bayan an riga an ƙona man bashi, don haka akwai masu jin gargaɗin su yi kunnen uwar shegu. Wani lokacin ma gargaɗin ba ya riskarsu. Guguwar Ockhi ta ƙarshen 2017 ta yi ƙarfi cikin ɗan lokaci, ta tarar da masuntan Kerala da Tamil Nadu na Indiya suna can tsakiyar teku, ɗaruruwa suka mutu ko suka ɓace.

Murjani, wato ƙananan halittun da ke gina duwatsu masu launi a ƙarƙashin teku, da tsamin ruwa ba sai an tsawaita ba, an fi yawan jin labarinsu. Duwatsun murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku na fakewa a cikinsu, kuma nan ne gonar masuntan tsibirai da na gabashin Afirka da kudu maso gabashin Asiya. Ruwa ya wuce zafin da suka saba da digiri ɗaya na 'yan makonni, sai su yi fari fat, in abin ya daɗe su mutu. Babban jerin murjani na Ostireliya ya yi irin wannan fari a 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. Rahoton IPCC na 2018 ya ce idan ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5 za a rasa kashi 70 zuwa 90 na murjani, idan ta kai 2 kusan duka. Teku kuma na shanye kusan rubu'in iskar kabon da ake fitarwa, abin da ke ƙara masa tsami ya hana masu ɓawo irin su kawa gina ɓawonsu. Masu ƙyanƙyasar kawa a jihar Oregon ta Amurka sun ga haka a 2007 da 2008, lokacin da 'ya'yan kawa suka yi ta mutuwa a tankunansu.

Idan kwale-kwale ya daina biyan kuɗin mansa, yana da sauran amfani guda. Mutum kusan 40,000 ne suka isa tsibiran Kanari na Sifaniya ta teku a 2023, sama da 46,000 a 2024, da yawansu cikin jiragen su na katako daga Senegal da Muritaniya da Gambiya, tafiyar da ke kai kilomita 1,500 daga gaɓar Senegal. Ba duka fasinjojin ne masunta ba, kuma dalilan tafiya sun fi kifi yawa. Amma jirgin na masunta ne, kuma wanda ya iya riƙe shi kwana bakwai a kan Atilantika ba a tudu ya koya ba.

Ana yawan cewa mafita ita ce kiwon kifi, tunda a 2022, a karon farko, abin da aka kiwata ya zarce abin da aka kama, tan miliyan 94 da ɗoriya a kan miliyan 91. Akwai gaskiya a ciki, sai dai kiwo na son jari da fili da takardu, abubuwan da ma'aikacin kwale-kwale ba shi da su, kuma kifin kiwo mai tsada garin yaboy yake ci. Wani lokacin mafitar kan zo ta inda ba a zata ba. Wajen 2014 wata baƙuwar ƙaguwa mai shuɗin ƙafa, wadda asalinta ta shigo Bahar Rum ta mashigin Suwez, ta mamaye gaɓar Gabes a Tunisiya, tana yayyaga taru tana cinye kifin da ya kamu, har masunta suka laƙaba mata suna Da'ish, wato ƙungiyar IS. Bayan 'yan shekaru, da aka koya musu kama ta da tarko aka kuma samo masu saye a Asiya, ta zama hajar da ake fitarwa waje. Abin ya yiwu ne domin an sami mai ba da tarko da mai buɗe kasuwa. Haka hutun kamun kifi da Gana ta fara sanya wa masu kwale-kwale a 2019, da wanda Bangaladash ke sanyawa don kifin hilsa ya yi ƙwai: dabara ce mai kyau, amma tana tsayawa ne a kan abin da iyali za su ci a watan. Bangaladash na raba shinkafa ga masuntan da ke cikin rajista, waɗanda ba sa ciki kuwa sukan fita da dare.

Kuɗin ma akwai su, inda ake zuba su ne matsalar. Wani ƙiyasi na 2019 ya ce gwamnatoci na kashe kimanin dala biliyan 35 a shekara wajen tallafa wa kamun kifi, biliyan 22 daga ciki a kan abubuwan da ke ƙara yawan kamu, kamar rangwamen mai, kuma kaso mafi tsoka manyan jirage ke samu. Asusun biyan asarar sauyin yanayi da aka amince da shi a taron duniya na Sharm el-Sheikh da ke Masar a 2022, alƙawuran da aka yi masa a taron Dubai na 2023 ba su wuce dala miliyan 700 da 'yan kai ba, kuma na dukan ɓangarori ne, ba na masunta kaɗai ba.

Misalin da ya fi ba ni sha'awa daga ƙananan tsibiran Tekun Fasifik ya fito. Ƙasashe irin su Kiribati da Tubalu da Nauru kusan ba su da abin sayarwa sai izinin kama kifin tuna a ruwansu, a Kiribati kuɗin izinin kan kai fiye da rabin abin da gwamnati ke samu. Tuna kuwa ba ya zama wuri ɗaya, shekarar El Nino ya yi gabas, wata shekarar ya dawo yamma. Ƙasashe takwas da suka haɗu a ƙarƙashin Yarjejeniyar Nauru ta 1982 sai suka daina sayar da izini kowa shi kaɗai. Tun daga 2007 suke ƙayyade jimillar kwanakin da jiragen waje za su yi suna kamu a ruwansu baki ɗaya, su raba kwanakin a tsakaninsu, kuma ƙasar da kifi ya bar ruwanta a bana tana iya sayar wa wadda ya koma wurinta kwanakinta. Kuɗin shigarsu ya ninka sau da yawa. Tsarin bai gama da matsalar ba, domin wani nazari na 2021 ya yi hasashen cewa idan hayaƙi ya ci gaba da hauhawa, zuwa 2050 wani ɓangare na tuna zai fice daga ruwansu gaba ɗaya zuwa tekun da ba na kowa ba, su yi asarar kusan dala miliyan 90 a shekara. Amma aƙalla doka ce da aka rubuta da sanin cewa kifi na tafiya.

Yaboy ma haka yake ratsa ruwan Maroko da Muritaniya da Senegal da Gambiya duk shekara, garke ɗaya ne. Kwamitin masana da FAO ke tarawa ya shafe shekaru yana cewa ana kama shi fiye da kima, yana ba da shawarar a rage. Shawara ce kawai, ba ta ɗaure kowa ba. Har yanzu ƙasashen huɗu ba su da wata yarjejeniya mai ƙarfin doka da ta ƙayyade jimillar abin da za a kama da kason kowa, kowace na ba da lasisinta ga jirage da masana'antu kamar kifin nata ne ita kaɗai.